Mai Wayo Cikin Rigar Wawa

Ya kai mai karatu, ko kana zaune a Kawo, ko Unguwar Rimi, ko Malali, ko Kabala, ka san gardamar da samari su ke yi a ƙofar gidan kallon ƙwallo da bakin shagon caca. Kadan dattijo ya ce musu caca hasara ce, sai wani ya amsa ya ce, ai ga wawa ne ta ke hasara, gama akwai masu ilimi a ƙasar Amurka waɗanda suka ci gidajen caca da lissafi tsantsa. Maganan nan ba ƙarya ba ce ɗungum. Akwai mutanen, an san sunayensu, mu kuwa ba za mu musunta abin da ya faru domin mu ci gardama ba, gama mai bin Yesu ba ya kare gaskiya da ƙarya. Amma sai mu duba abin da ya zama musu tilas su aikata kowane dare kafin su ci wannan abinci.

Wasan karta ne, Turawa suna ce da shi blakjak, ko kuwa ashirin da ɗaya. Ma'aikacin gidan caca yana raba karta, kowa yana neman jimlar tasa ta kusanci 21 fiye da ta mai rabo, kada ta wuce. A yawancin caca, abin da ya fito ɗazu ba shi da iko bisa abin da ke zuwa. A wannan kuwa ba haka ba ne, gama kartar da ta fita ta fita ke nan, ba ta komawa sai an sake cuɗawa. Kadan ƙananan karta sun fita da yawa, manya ne suka ragu, sa'an nan rinjaye ya kan karkata kaɗan zuwa wajen ɗan wasa. Wani malamin lissafi, Edward Thorp, shi ya tabbatar da wannan da kwamfuta, ya buga littafinsa Beat the Dealer a 1962. A 1963 Harvey Dubner ya kawo hanya mai sauƙi wadda a ke bi har yau: karta daga 2 zuwa 6 a ƙara ɗaya a zuci, goma da masu hoto da as a rage ɗaya, 7 zuwa 9 a ƙyale su. Sa'anda ƙidaya ta hau, sai mutum ya zuba kuɗi da yawa. Sa'anda ta sauka, ya rage. Dukan ribar gwani a ƙarshe ba ta wuce kamar ɗaya cikin ɗari na abin da ya zuba ba, ya kan kuwa yi makonni yana hasara kafin ta bayyana.

Shari'ar Amurka ba ta lissafta ƙidaya a zuci cikin zamba ba. Har a 1982 babbar kotun jihar New Jersey ta ba wani gwani, Ken Uston, gaskiya, ta ce gidajen caca na Atlantic City ba su da ikon korarsa saboda gwanintarsa kaɗai. Amma a jihar Nevada, inda Las Vegas ta ke, mai gida yana da iko ya sallami wanda ya ga dama. Saboda haka gwani ba ya tsira sai an ɗauke shi wawa. Nan ne aikinsa na gaske ya ke, gama ƙidayar kanta yaro mai natsuwa yana iya koyonta, amma ɓoyonta sana'a ce ta dukan rai.

Ga yadda su ke yi. Mutum ya san lissafi sarai, amma sai ya riƙe ƙoƙon giya a hannu, yana tangaɗi, yana surutu, domin a ce maye ya ci shi. Ya san kartar da ta kamata ya karɓa, amma loto-loto ya kan yi kuskure da gangan a inda hasarar ba ta da yawa, domin mai tsaro ya gani ya raina shi. Ba ya ɗaga kuɗi farat ɗaya, sai ya jira ya ci hannu tukuna, ya yi kamar zafin sa'a ne ya ɗebe shi. Yana yi wa mai rabo kyauta, yana tambayar shugaban masu tsaro lafiyar iyalinsa, ba domin ƙauna ba, amma domin wuya ne mutum ya kori wanda ke masa fara'a. Kadan ya ci, sai ya riƙa zare kwabban wasa ɗaya-ɗaya yana sakawa aljihu a ɓoye, ya tashi yana tsaki yana kukan hasara. Ba ya daɗewa a tebur ɗaya. Suna kuwa, yau wannan, gobe wancan. Thorp da kansa ya sa gemun ƙarya da tabarau; Uston, wanda dā babban ma'aikaci ne a kasuwar hannun jari ta San Francisco, ya shahara da sake kama har ya zama abin labari.

Akwai kuma dabarar ƙungiya, wadda Al Francesco ya ƙago a shekarun 1970, ɗaliban makarantar MIT kuma suka yi suna da ita daga baya. Waɗansu su zauna a tebura dabam dabam suna zuba kuɗi kaɗan, suna ƙidaya shiru. Sa'anda karta ta nuna, sai su yi alama, da naɗe hannu ko wata kalma da aka shirya, wani kuma ya taho cikin shigar attajiri mai almubazzaranci, ya zuba dukiya, ya yi kamar bai taɓa ganinsu ba. Mutumin ƙasarmu ba ya bukatar a fassara masa wannan. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan wala-wala a bakin tasha ya ga wani cikin taron, da shigar baƙauye, yana ci yana murna, har baƙo ya kwance lalitarsa. Ashe bakinsu ɗaya da mai karta. Bambanci dai akwai, gama ɗan wala-wala talaka ya ke cuta, waɗancan kuwa mai dukiya su ke ruɗi. Amma rigar ɗaya ce.

Masu gidan su ma ba barci su ke yi ba, mugu shi ya san makwantar mugu. Sun kafa na'urorin ɗaukar hoto a rufi bisa kowane tebur, sun haɗa karta ƙunshi shida ko takwas wuri ɗaya, sun kawo injin da ke cuɗawa ba fasawa. Tun 1967 wani kamfani mai suna Griffin ya riƙa tara hotuna da sunayen waɗanda a ke zato, yana sayar wa gidajen caca, har ya karye a 2005 bayan an kā da shi a shari'ar ɓata suna. Dubi fa irin zaman nan: mutum yana dariya da bakinsa, zuciyarsa tana ƙidaya, idonsa kuma yana satar kallon ƙofa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali tun da daɗewa. A cikin Sarakuna na Fari, sura 14, ɗan sarki Yerobowam ya kwanta ciwo. Sarki yana son ya ji daga bakin annabi Ahija, amma ya san laifinsa na gumaka, ba ya son a gane gidansa. Sai ya umarci matarsa ta sake kama, ta ɗauki gurasa goma da waina da tulun zuma, irin gaisuwar talaka, ta tafi Shilo. Ahija kuwa ya tsufa, idanunsa sun dushe, ba ya gani. Ina wahalar ruɗin makaho? Amma Ubangiji ya riga ya faɗa masa. Da jin motsin sawunta a bakin ƙofa, tun ba ta buɗe baki ba, ya kira ta matar Yerobowam, ya tambaye ta dalilin da ta ke nuna kanta wata ce dabam. Duk shirin nan na tufafi da zuma, an yi shi domin idon mutum, ba a tuna da wanda ba ya bukatar ido ba. Ta koma da labari mai nauyi, da ta taka dokin ƙofar gidanta kuwa yaron ya mutu.

Wani za ya ce, ai gidan caca shi ne babban maƙaryaci, yana maraba da mai hasara, yana korar mai ci. Mene ne laifin a ruɗe shi? Gaskiya ne, ba mu da wata kalma ta yabo ga gidajen nan. Amma muguntar maƙwabcinka ba ta mai da ƙaryarka gaskiya ba. Wani kuma za ya kawo Dawuda, wanda ya yi kamar mahaukaci a gaban Akish sarkin Gat, yana zane a ƙofa, miyau yana zuba a gemunsa. Dawuda ransa ya ke gudu da shi, sau ɗaya ya yi, bai kuwa mai da shi sana'a ba. Wanda ya fi kama da ɗan caca shi ne Yakubu, da ya ɗaura fatar 'yan awaki a hannu domin ya karɓi abin Isuwa daga wurin uba makaho. Ya samu, amma ya yi shekara ashirin a gidan Laban ana yi masa irin abin da ya yi. Akwai ɓoyon da Ubangijinmu ya yarda da shi, watau na sadaka da addu'a da azumi. Mai wannan ɓoyo, kadan an tone shi, ba ya jin kunya.

Yanzu fa sai mu komo gida. Saurayin da ke latsa waya a Unguwar Dosa, yana zaton za ya bi sawun Thorp, bari ya sani kartar da na'ura ke rabawa a cikin waya a kan sake cuɗa ta bayan kowane hannu, babu abin ƙidaya a ciki ko kaɗan. Cacar ƙwallo kuwa, masu kamfani sun riga sun cire rabonsu cikin farashin da suka sa maka tun ba a busa usur ba. Gwanintar ba ta ƙetare teku ta iso gare ka ba, amma rigar wawan ta iso, ta kuwa juya. Su can suna ɓoye cinsu ga mai gidan caca. Kai kana ɓoye hasararka ga matarka. Ka ce albashi bai shigo ba, alhali ya shigo ya fita. Ka goge saƙon banki kafin ka shiga gida. Ka ranci kuɗi wurin ɗan'uwa cikin ikilisiya da sunan maganin yaro. Ran Lahadi kuma ka zauna a layin gaba da farar riga, kana raira waƙa da ƙarfi, zuciyarka tana ƙidayar wasannin yamma. Hananiya da Safiratu ba a hukunta su domin sun riƙe kuɗinsu ba, gama Bitrus ya nuna musu nasu ne. Domin sun shirya fuska ne suka kawo gaban jama'ar Allah.

Kadan maganan nan ta same ka, ɗan'uwa, kada ka jira sai ka maido abin da ka rasa tukuna, gama da wannan igiya ce Shaiɗan ya ke riƙe yawancin 'yan caca. Ka ɗauki takarda yau, ka rubuta dukan abin da ya tafi da dukan wanda ke binka bashi, da adadin gaskiya, kada ka rage ko naira ɗaya. Ka durƙusa ka karanta shi a gaban Ubangiji Yesu, wanda ya riga ya san jimlar. Sa'an nan ka nuna wa matarka, ko mahaifinka kadan ba ka yi aure ba, ka kuma tafi wurin dattijo ɗaya na ikilisiyarku, ku zauna ku shirya yadda za a biya, a fara da wanda ka yi wa ƙaryar maganin yaro.