Idan Aka Gayyace Ka Shan Shayi a Guangzhou

Ɗana, tunda ka ce bana da ƙafarka za ka je baje kolin Canton, ka gaji da aike, zo in ja maka kunne a kan abin da ba a rubuta shi a takardar ciniki. Tun 1957 ake cin wannan kasuwa a Guangzhou, sau biyu a shekara, wajen Afrilu da kuma Oktoba, kuma duk wanda ya saba zuwa ya san cewa ba a cikin rumfunan Pazhou ake gama magana ba. Za ka yini kana zagaye, ƙafafunka su yi tsami, ka karɓi kati ka ba da kati. Can sai mai masana'antar da ka fi so ya ce gobe da safe ku haɗu ku sha shayi. Kada ka ɗauka kofi ɗaya ne a tsaye. Mutanen lardin Guangdong da na Hong Kong suna kiran wannan zama yum cha, abin da ake jerawa a teburin kuwa shi ne dim sum: 'yan ƙananan kwanduna na gora masu murfi, kowanne da curi uku ko huɗu a ciki suna tururi, ana kawowa ana kwashewa har a shafe awa biyu.

Abu na farko, kada ka ƙi zuwa. Na san halin mutanenmu. Mutum zai sauka a unguwar Xiaobei, ya sami gidan abincin da ya yarda da shi, daga nan sai masauki, har ya dawo Kano bai taɓa zama teburi ɗaya da wanda yake tura wa dukiyarsa ba. Sa'annan idan kwantena ta iso aka ga kayan sun saɓa wa samfur, sai ya rasa wanda zai kira ya ji kunyarsa. Mutumin da ya zuba maka shayi da hannunsa yana jin nauyinka ta wata hanya da saƙon waya ba ya kawowa. Ba na ce shayi yana hana ha'inci ba. Amma ranar da matsala ta taso, gara a ce yana tuna fuskarka.

Sai dai a nan ne kuma tarkon yake. Galibi zai kai ka ɗaya daga cikin manyan gidajen da suke da rassa ko'ina a birnin, irin su Tao Tao Ju, wanda ake danganta kafuwarsa da 1880, ko Dian Dou De da ke cika maƙil tun da sassafe. Za ka ga ƙasa tana ƙyalli, ma'aikata sanye da kaya iri ɗaya, masu girki a bayan gilashi da takunkumi a baki. Zuciya sai ta kwanta, ta ce ai wuri mai tsabta haka babu abin ƙi a cikinsa. To, tsabta daban, halal daban. Girkin Guangdong a kan alade aka gina shi, kuma ba su ɓoye ba, domin a wurinsu ba abin ɓoyewa ba ne. Idan aka rubuta nama kawai a takardar abinci ba a faɗi na wace dabba ba, naman alade ake nufi.

Wanda yake a fili ba shi ne abin tsoro ba. Char siu bao, farin burodin nan da ake turarawa har ya tsage a sama, kana gutsura za ka ga jan nama, ko yaro zai tambaya. Abin da nake jiye maka shi ne har gow. Ɗan curi ne da bai fi loma ɗaya ba, fatarsa fara garai-garai har kana hango jatan lande a ciki, an naɗe gefensa da ƙananan ninki kamar an yi da allura. Idonka zai ce maka wannan daga ruwa ya fito, bismillah. Alhali a girkin gargajiya ana yayyanka kitsen alade ƙanana-ƙanana a cuɗa da jatan landen, shi ke ba shi wannan laushi, kuma idan ya narke ba ka ganin ko alamarsa. Siu mai, mai rawayar fata da buɗaɗɗen kai, yawancin abin da ke cikinsa alade ne, jatan landen ado ne. Shinkafar da ake ƙunshewa a ganye, lo mai gai, da sunan kaza ake sayar da ita, amma sau da yawa akwai yankan tsiran alade a tsakiya. Ƙwallon naman sa ma akan sa masa kitsen alade don kada ya yi tauri. Hatta ɗan kek ɗin ƙwai da ake rufe ciki da shi, ɓawonsa mai ɓarewa sala-sala da man alade aka saba murza shi. Ka ƙara da giyar girki ta Shaoxing da ake ɗan zubawa a miya da kifi. Ƙafar kaza kuwa, wadda suke ji da ita ƙwarai, ko babu alade a ciki akwai batun wanda ya yanka. Wannan ka tambayi malaminka tun kana gida, bakin tebur ba wurin neman fatawa ba ne.

Kada suna ya ruɗe ka kuma. Da yawa daga cikinmu ta Dubai muke bi, kuma mai yiwuwa ka taɓa shiga Din Tai Fung a can ka ci curinsu mai romo a ciki hankali kwance, domin rassan Dubai ba sa sa alade. Gidan asalinsa na Taiwan ne, shagon man girki ne da aka buɗe a 1958, sai a 1972 ya koma sayar da abinci, kuma ya yi suna da ninki 18 da ake yi wa kowane curi. Amma ainihin curin da ya ɗaukaka shi na alade ne, romon ma daga fatar alade ake dafa shi a bari ya daskare a naɗe a ciki. Haka Tim Ho Wan, wanda Mak Kwai-pui ya buɗe a ɗan ƙaramin shago a unguwar Mong Kok ta Hong Kong a 2009, ya sami tauraron Michelin, lambar yabon gidajen abinci, ba da jimawa ba, yanzu yana da rassa a ƙasashe da dama: abin da ake masa layi a kai burodi ne mai gasasshen alade. Allon ƙofa iri ɗaya ne a kowane gari, tukunyar kuwa tana bin mutanen garin.

Na taɓa zama a irin wannan tebur da wani saurayi ɗan kasuwarmu, a wani gidan da ba sai na ambaci sunansa ba. Bai ce komai ba lokacin da aka gayyace mu, kunya ta hana shi. Da aka cika teburin, ya tambayi tafinta abin da ke cikin kwandon farko, aka gaya masa, sai ya ture kujera baya, ya yatsine fuska, ya naɗe hannu. Mai masaukinmu, dattijo ne mai furfura, ya riƙe butar shayi a sama ya rasa inda zai zuba. Fuskarsa ta yi ja. Ya kira ma'aikaciya ya yi ta magana da sauri, aka kwashe kwanduna kusan goma ba a taɓa ba, aka kawo farar shinkafa da dafaffen ganye. Saurayin ya kare addininsa, wannan gaskiya ne, Allah ya ba shi lada. Amma ya tozarta mutumin da bai yi masa laifin komai ba, a gaban yaransa, kuma kalma ɗaya da ya faɗa tun jiya da ta hana duk wannan. Baƙo ko da ido makaho ne, sai dai mai gida ma ba ya ganin abin da ke zuciyar baƙo.

Don haka ka yi magana a lokacin da aka gayyace ka, da fara'a, ba tare da dogon wa'azi ba. Ka ce kai Musulmi ne, kana cin qingzhen. Ka adana rubutun a wayarka, 清真, shi ne za ka gani a allunan gidajen abincin Musulmi, galibi da koren launi. Ba baƙon abu ba ne a wurin mai masaukinka. Musulmi 'yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 10 a ƙasar Sin, kuma masallacin Huaisheng da ke tsakiyar Guangzhou yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar. Akwai gidan abinci na Huimin a titin Zhongshan da ke yin girkin Guangdong a Musulunce. Idan Hong Kong ka faɗa, ka nemi Masallacin Ammar a Wan Chai, a saman benen akwai ɗakin cin abinci da ke yin dim sum na halal, za ka ci siu mai na kaza da na sa ba tare da zuciyarka tana ɗar-ɗar ba. Yawancin masu masana'anta suna jin daɗin a gaya musu da wuri, domin babu abin da ya fi baƙon da ya tashi da yunwa zubar wa mai gida da mutunci.

In kuwa hali ya sa sai a gidan da ba na Musulmi ba, ka je dai. Ka karya kafin ka fito, ka sha shayinka, ka ci 'ya'yan itace da abin da ka tabbatar, ka saki fuska.

Ladubban tebur ba su da wuya. Za a kawo ruwan zafi da ƙaramar roba, ka ga kowa yana ɗauraye kofinsa da tsinkayen cin abinci, kai ma ka yi, ba zagin masu gidan ba ne. Kada ka fara zuba wa kanka shayi, ka fara da babba. Idan aka zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan, ba sai an katse hira ba. Buta ta ƙare, ka ɗaga murfin ka jingine shi a gefe, ma'aikata za su gane. Kada ka soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, yana tuna musu turaren da ake kunna wa mamaci. In tsinkayen sun gagare ka, nemi cokali, babu wanda zai yi maka dariya, amma kada ka yi ta fama curi yana sulɓewa yana faɗawa cikin kofin maƙwabcinka. Kada kuma ka zaro kalkuleta tun ba a sha kofin farko ba. Bari shi ya buɗe zancen farashi, ko da kuwa sai an kusa tashi.

Kuɗin abinci shi zai biya, tunda shi ya gayyata. Ka yi tayi sau ɗaya ko biyu, ka bar masa. Amma kafin ka bar garin ka rama. Ka kai shi ɗaya daga cikin gidajen mutanen Xinjiang da ke Xiaobei, a gasa muku tsiren rago da gurasarsu ta tanda. Kusan ƙarshen cin, ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi tun bai ankara ba, haka su ma suke yi wa juna. Ka tabbata ka haɗa Alipay ko WeChat da katinka tun kafin ka hau jirgi, domin a can da waya ake biyan kusan komai, kuma mai karɓar kuɗin ba lalle yana da canjin takarda ba.