Takardar Shaida ko Shaidar Zur?

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya raɗa wa abin da ake miƙa wa ɗalibi ranar kammala karatu suna takardar shaida. Shaida kuwa, kamar yadda kowa ya sani, magana ce ta gaban alƙali, inda mutum zai miƙe ya ce na gani da idona, sannan a ɗora hukunci a kan abin da ya faɗa. To, a duk shekara jami'o'in ƙasar nan suna yaye ɗalibai daga tsangayoyin ilmi, wasu da digirin koyar da lissafi, wasu da na koyar da Ingilishi, kuma da yawa daga cikinmu ƙaramar sakandare muke dosa, inda yara 'yan shekara 12 zuwa 15 suke zaune suna jiran mu. Tambayar da muke so mu yi wa kanmu a wannan 'yar maƙala ita ce, me jami'a ta gani game da mu har ta sa hannu? In kuwa ta shaidi abin da ba ta gani ba, wane suna ya dace da wannan aiki, kuma a wuyan wa alhakin yake?

Shi dai wannan digiri ba yau aka fara shi ba. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya nuna irin ƙarancin malaman sakandare da sabuwar ƙasa take fama da shi, Jami'ar Nsukka ta soma haɗa karatun fanni da na dabarun koyarwa a digiri guda cikin 1961, sauran jami'o'i kuma suka bi sahu. Ita kuwa ƙaramar sakandare, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ce ta haife ta, da tsarin nan na 6-3-3-4. Daga baya aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare. Abin da wannan yake nufi shi ne, ga yara masu ɗimbin yawa, aji uku na ƙaramar sakandare shi ne aji na ƙarshe da za su taɓa zama a ciki. Ɗan lissafin da yarinya ta fita da shi daga can, da shi za ta yi awo a kasuwa har ta tsufa. Ɗan Ingilishin da yaro ya tsinta a can, da shi zai karanta takardar asibiti da yarjejeniyar haya.

Me ake koya mana a shekaru huɗun nan? Mai karanta lissafi yana zuwa tsangayar kimiyya ya sha kalkulas da aljabra mai zurfi tare da waɗanda za su zama masana lissafi. Mai karanta Ingilishi yana zuwa tsangayar fasaha ya yi ta fama da wasannin Shakespeare da zanen rassan jumla. Dukkansu sai su haɗu a tsangayar ilmi su haddace tarihin ilmi, da falsafarsa, da ra'ayoyin Piaget game da yadda hankalin yaro yake girma. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai tun 1908 wani masanin lissafi Bajamushe, Felix Klein, ya lura da wani giɓi mai baki biyu. Ɗalibi in ya shiga jami'a yakan watsar da lissafin makaranta domin bai ga alaƙarsa da abin da ake koya masa ba. Ranar da ya koma aji a matsayin malami kuma sai ya watsar da na jami'ar, ya koyar kamar yadda aka koya masa yana yaro. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli a cikinmu ya san mutumin nan kamar da mu yake.

Bari mu kawo misali ƙwaya ɗaya mu tsaya a kansa, domin gani ya kori ji. A wani littafi da ta fitar a 1999, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, Liping Ma, ta ba da labarin yadda aka ɗora wa malaman firamare 23 na Amurka da 72 na Sin tambaya iri ɗaya: su raba 1¾ da ½, sannan su ƙirƙiro ɗan labari da zai nuna wa yaro ma'anar wannan rabawa. Malaman Amurka masu digiri ne. Na Sin kuwa shekarun da yawancinsu suka yi a makaranta ba su kai haka ba. Duk da haka, mutum ɗaya tak daga cikin na Amurka ya kawo labarin da ya dace da lissafin, alhali 65 daga cikin na Sin sun kawo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba da labarin raba abu tsakanin mutum biyu, wanda rabawa ce da 2, ba da ½ ba.

Mun karanta wannan muka yi murmushi, har ranar da abin ya faɗo kanmu. A lokacin koyarwar gwaji, an tura wasunmu wata makaranta da ke kusa da unguwar Hausawa a wani birni na kudu, ajin cike da 'ya'yan Yarabawa da Ibo da namu. Ɗayanmu, wanda bai taɓa faɗuwa kalkulas ba, ya rubuta ƙa'ida a allo: in za ka raba, kifa na biyun ka ninka. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malam, an ce rabawa tana rage abu, me ya sa amsar ta fi abin da muka fara da shi yawa? Malam ya ce haka ƙa'idar take. Yarinya ta sauke hannunta, ba ta ƙara ɗaga shi ba har muka bar makarantar. Bayan an tashi, wata dattijuwar malama mai tsohuwar takardar Gireti Tu, wadda take zaune a bayan aji tana duba littattafai, ta kira abokin namu gefe. Ta ce, ɗana, da ka ce mata ga gero mudu ɗaya da rubu'i uku, kullum gidanku rabin mudu ake tuƙawa, kwana nawa zai yi muku? Da kanta za ta ce kwana uku da rabi, kuma za ta ga cewa tambayar ita ce rabi nawa ne a ciki, ba wai a raba wa mutum biyu ba. Abokinmu ya ce shi kansa ranar ya fara fahimtar abin da ya shekara goma yana yi daidai.

Haka abin yake a ɓangaren Ingilishi, har ma ya fi ɓoyuwa. A wannan aji guda, ɗan Bahaushe zai rubuta wakilin suna na mace ga mota ko kujera, domin a harshensa kowane suna tilo yana da jinsi, kuma mota mace ce. Ɗan Bayarabe da ke kusa da shi zai kira yayarsa da wakilin suna na namiji, domin a nasa harshen kalma ɗaya ce take wakiltar namiji da mace. Ga ido, kuskure iri ɗaya ne, kuma jan biro ɗaya ne yake bi ta kansu. Amma na farko ya shigo da bambancin da Ingilishi ba ya yi, na biyu kuma ya rasa bambancin da Ingilishi yake yi, saboda haka maganin wannan ba zai warkar da wancan ba. Malamin da bai san daga ina kuskure ya taso ba, iyakarsa ya ja layi ya rubuta maki. Kada kuma malamin lissafi ya ce wannan ba ruwansa. Tun da da Ingilishi yake koyarwa, shi ma malamin harshe ne, ko ya so ko ya ƙi. Mun ga yaron da yake ba da canji a shagon mahaifinsa ba tare da ya yi kuskuren kwabo ba, amma ya faɗi tambayar ɗebewa domin an yi amfani da kalmar da ya sani da ma'anar bambanci, shi kuwa ya zauna yana bayanin yadda 9 ta bambanta da 4.

Irin wannan sani, wato sanin fanni ta fuskar wanda bai san shi ba tukuna, shi ne abin da Lee Shulman ya ware ya ba shi suna a 1986, ya ce ilmi ne mai zaman kansa, ba fannin ba ne zalla, ba kuma dabarun koyarwa ba ne zalla. Abin dariya, mu ma an koya mana sunan Shulman, mun haddace shi, mun rubuta shi a jarrabawa, mun ci.

Wani zai ce mun yi tsanani da muka ambaci shaidar zur, laifin da Musulunci ya lissafa cikin manyan zunubai, Kiristanci kuma ya sa shi cikin dokoki goma. Zai ce jami'a ba ta taɓa cewa wane ya iya koyarwa ba. Abin da ta ce shi ne ya cika sharuɗɗa, an same shi da cancanta a hali da ilmi, kuma wannan gaskiya ne, ga makinsa nan a rubuce. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ita ta hana mu yanke hukunci da gaggawa. Amma mu dubi wanda ake kai wa takardar. Shugaban makarantar da ya karɓe ta, da uban da ya ji an ce malamin 'yarsa mai digiri ne, me suka fahimta? Sun fahimci cewa ga wanda aka gwada aka ga zai iya da yara. Jami'a kuma ta san haka za su fahimta, domin don haka aka buɗe tsangayar. Mai shaidar da ya faɗi magana mai harshen damo, yana sane da yadda alƙali zai ɗauke ta, bai yi ƙarya da baki ba, amma da wuya a ce hannunsa ya fita daga hukuncin da aka yanke.

A nan tsarin karatun zaure yana da abin da zai tuna mana. Malami ba ya ba da ijaza sai almajiri ya durƙusa gabansa ya biya littafi, jumla bayan jumla, ya ji da kunnensa inda harshensa yake karkacewa. Sunan malamin kuma yana cikin ijazar, tare da na malaminsa, don haka in almajiri ya yi kwaɓa an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mu kuwa, shugaban jami'a da magatakarda ne suke sa hannu a tamu, bayin Allah da ba su taɓa ganin mu gaban allo ba, kuma ba mai hankalin da zai ce su gani. Sun dogara ne ga wanda aka tura ya duba mu. A namu zagayen na mako shida, mai dubawar ya zo sau ɗaya, ya zauna abin da bai kai rabin sa'a ba, domin yana da wasu ɗalibai a makarantu da dama da zai kewaya a ranar, kuma da kuɗin aljihunsa ya sha mai. Ba mu ga laifinsa shi kaɗai ba. Amma a kan wannan rabin sa'a aka gina shaidar cewa mun iya aikin da za mu shekara talatin muna yi.

Idan shaida ta yi rauni, alƙali yakan nemi wata. Shi ya sa hukumar rajistar malamai, wadda aka kafa da dokar 1993, take yi wa masu takardar koyarwa tata jarrabawar kafin ta ba su lasisi. Shi ya sa kuma a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta zaunar da malaman firamare kimanin 33,000 ta gwada su, ta ce 21,780 ba su kai makin da ta gindaya ba. An yi ta jayayya a kan adalcin wannan gwaji, ƙungiyar malamai ma ta yi yajin aiki, ba kuwa za mu shiga wannan ba. Abin lura kawai shi ne an kai matsayin da mai ɗaukar aiki ba ya gaskata takardar da aka nuna masa. Sai dai ita ma jarrabawar zaɓi-ɗaya da ake yi a kwamfuta ba ta ganin abin da yake faruwa idan yarinya ta ɗaga hannu.

Saura mu. Yana da sauƙi mu jingina kome ga jami'a, mu manta cewa mu ne muke ɗaukar takardar mu kai, mu ce ga ni. Da yawa daga cikinmu, in za mu faɗi gaskiya, ba koyarwa muka nema ba. Mun nemi likitanci ko lauya ko injiniya, maki bai kai ba, aka ce ga gurbi a tsangayar ilmi, muka karɓa da niyyar mu tsallake in hanya ta samu. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma albashin da ake biyan malami bai isa a zargi mai neman tsallakewa ba. Amma yaron da ke aji ɗaya bai san da wannan labari ba, ba a kuma shawarce shi ba. Shekararsa ta 12 sau ɗaya take zuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. Wanda ya san a ransa cewa ba zai iya bayyana dalilin kifa na biyu a ninka ba, ya kuma karɓi ajin ya yi shiru, shi ma ya shiga sahun masu shaidar, kuma ya fi magatakarda sanin gaskiyar lamarin.

Abin da ya rage wa irin wannan mutum ba mai tsada ba ne, sai dai yana da ɗaci ga mai sabon digiri. Ya ɗauki littafin aji ɗaya ya bi shi tambaya bayan tambaya, yana tambayar kansa dalilin kowace ƙa'ida. Ya tara littattafan yara ya karanta kurakuransu kamar yadda ya karanta Shakespeare. Ya ja kujera ya zauna a bayan ajin wadda ba ta kai shi takarda ba. Ga tsangayoyinmu kuma muna da roƙo ɗaya, cewa kafin a sa hannu a miƙa wa ɗalibi aikin yaro mai kuskure a ce ya faɗi abin da yaron yake tunani. Takardar da aka auna mu da ita a waccan makaranta tana da gurbin makin tufafi, da na ɗaga murya, da na tsabtar allo, da na tsarin darasi a rubuce. Abokinmu ya sami maki mai kyau a dukkansu, a ranar da yarinyar nan ta sauke hannunta.