Ƙwaro mai harbi da tambayar fushi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai tambayar da ta daɗe tana damuna: shin fushi aibi ne da ya wajaba mutum ya tumɓuke daga zuciyarsa, ko kuwa amana ce da aka ba shi ya tsare? Na sami abin da ya buɗe mini ƙofa a inda ban zata ba, wato a darasin ilimin ƙwari a jami'a, ranar da aka karantar da mu wani ɗan ƙwaro mai harbi da ruwan zafi.

Masana sun sa wannan ƙwaro cikin babban dangin ƙwarin ƙasa da ake kira Carabidae. Masu harbin sun haura iri 500, sun kasu zuriya huɗu: Brachinini, Paussini, Ozaenini da Metriini. Ana samun su a kowace nahiya ban da Antatika, kuma da yawansu mazauna ƙasashen zafi ne. Yawancinsu ba su wuce tsawon gaɓar yatsa ba.

A ƙarshen cikinsa akwai makami biyu, dama da hagu, kowanne da ɗaki biyu. Ɗakin farko ƴar salka ce mai taushi da ke riƙe da sinadari biyu: haidurokwinon, wanda ake samu a wasu mayukan sa fata fari, da haidurojin firoksayid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi. A cikin salka suna zaune lafiya. Ɗaki na biyu ƙarami ne mai bango mai kauri, a nan ne sinadaran da ke tayar da haɗin suke. Tsakanin ɗakunan akwai ƴar ƙofa. Idan tururuwa ta ciji ƙafarsa, sai ya matse salkar, ruwan ya shiga ɗaki na biyu, nan take ya tafasa har kusan digiri 100, ya fito da ƙara da tururi da wani sinadari mai raɗaɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne harbin ba ya fita a zubo ɗaya. A wani iri na Afirka mai suna Stenaptinus insignis, an auna cewa yana fita gutsure-gutsure, kamar sau 500 a daƙiƙa guda. Kowace fashewa tana tura ƙofar ta rufe, sai matsin ya sauka ta sake buɗewa. Haka ake haɗa kaɗan, a fitar, a sake haɗa kaɗan, shi ya sa mai makamin bai dafa kansa. Wannan irin kuma gwanin saiti ne: yana juya ƙarshen cikinsa kusan kowane ɓangare, har ta saman bayansa, ya sami daidai ƙafar da aka ciza.

A 2018 wasu masana biyu a Japan, Shinji Sugiura da Takuya Sato, suka ba kwaɗi wani irin mai suna Pheropsophus jessoensis. Kwaɗin suka haɗiye, ƙwarin suka yi harbi a cikin tumbi, kashi 43 cikin 100 aka amayar da su da rai, wani ma bayan minti 107. Da ba shi da wannan zafi, da ya zama abincin kwaɗo.

To, ga rabin amsata. Mahalicci bai bar wannan ɗan taliki hannu sake ba, kuma bai bar masa wuta tana ci a ciki dare da rana ba. Ya ba shi zafi, Ya haɗa masa da bango da ƙofa da saiti. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi bayani a Ihya'u cewa fushi yana da gazawa, da wuce iyaka, da tsaka-tsaki, kuma tarbiyya ba ta nufin kashe shi. Wanda fushinsa ya mutu zai ga ana cin dukiyar maraya ya wuce abinsa. Wanda fushinsa ba shi da ƙofa kuwa, shi ne farkon wanda zai ƙone.

Na gwada kaina da wannan ma'auni, na faɗi. Wata rana wani ya ɓata mini rai da rubutu a Facebook, na dawo gida na sauke zafin a kan ƙanena don ya taɓa littafina. Ƙwaro yana harbin ƙafar da aka ciza, ni kuwa na harbi wanda bai cije ni ba. Har yau idan na shigo ɗaki yaron yakan janye hannunsa daga kayana, abin yana sosa mini rai.

Sauran rabin amsar yana wajen zuriyar Paussini. Su waɗannan suna zama cikin gidan tururuwa. Suna da ƙahonin ji masu faɗi, jikinsu yana fitar da wani ruwa da tururuwa ke son lasa, wasunsu har kwaikwayon sautin masu gida suke yi. Makamin yana nan a jikinsu, amma ba safai suke harbin tururuwar da ta sauke su ba. Wanda ya gan su zai ce ga masu haƙuri. Alhali kuwa suna nan suna cin ƴaƴan masu masaukinsu.

Ƙwaro ba shi da laifi, yana bin abin da aka halitta shi a kai. Mu ne za a tambaya. Darasin shi ne rashin harbi kaɗai bai isa shaidar haƙuri ba. Akwai mai shiru don ya mallaki ransa, akwai mai shiru don kada a gane abin da yake ci. Daga waje su biyun fuska ɗaya gare su, niyya ce ta raba su, ita kuwa Allah kaɗai ke ganinta.

Saboda haka yanzu ina yi wa kaina tambaya biyu. Idan zuciya ta tafasa, nakan ce: wa ya cije ni, kuma nawa ne ya isa? Idan kuma na yi shiru, nakan ce: don Allah na haɗiye, ko don ina da abin da nake so in samu a gidan? Ta biyun ta fi wuyar amsawa, kuma ita ce ya kamata ɗalibi ya riƙa kai wa gaban malaminsa, domin rai gwana ce wajen yi wa kanta shaida.

Allah Ya ba mu fushin da ke tsare gaskiya, da haƙurin da babu ha'inci a cikinsa. Ya yafe mana waɗanda muka ƙona ba da haƙƙi ba. Amin.