Salangarka da Rijiyar Maƙwabcinka: Nasiha Game da Zuwan Dubagari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya taskace shi a cikin ƙasa, Ya mayar da shi abin sha da abin tsarki ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da aka yi ta maimaita mini a ƙofar masallaci, musamman bayan sallar magariba. Tambayar ita ce: shin ya halatta ga ma'aikacin tsabta, wanda iyayenmu ke kira dubagari, ya shiga gidan Musulmi don ya duba salanga da kwatami? Wani dattijo ma cewa ya yi: "Malam, ba mu ƙi ya duba mahauta da masu tuyar ƙosai ba, amma me ya kai shi makewayin iyalina?" Tambaya ce ta mai kishi, kuma ta cancanci amsa daga littattafanmu. Sai dai kafin in ba da amsa, wajibi ne in fara da kaina, domin ba ya kyautu mai wa'azi ya ɓoye laifinsa ya tona na jama'a.

Shekarun baya wani ma'aikacin tsabta ya zo masallacin da nake limanci. Ya yi sallama cikin ladabi, ya nemi izinin ganin makewayin masallaci. Wallahi sai da na ji abin ya sosa mini rai. Na ce a zuciyata, yaron da bai kai ƙanena ba zai koya mini tsarki, ni da na karanta babin tsarki tun ban fara azumi ba? Ya ɗauko igiyar awo, ya auna daga bakin ramin salanga zuwa rijiyar da muke ɗiban ruwan alwala, wadda matan unguwa kuma ke ɗiban ruwan sha idan famfo ya ɗauke. Bai yi doguwar magana ba. Ya nuna mini igiyar kawai: ba ta kai mita goma ba. Na ce masa ruwanmu garau yake, ba ya wari, ba ya ɗaci. Ya ce: "Gaskiya ne, Malam, amma abin da nake tsoro ba ya wari." Na kwana ina juya wannan magana, da asuba na koma ga littattafai, sai na tarar malamanmu sun riga shi faɗa.

Ga yadda mas'alar take. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa ana auna ruwa da siffofi uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci, ba a alwala da shi, ba a girki. Wannan hukunci daidai ne, ba mai ja da shi. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki ma'aunin ingancin alwala mun mayar da shi ma'aunin lafiyar ciki, alhali kowane babi da hukuncinsa. Ruwa yana iya zama mai tsarki wanda sallarka za ta inganta da shi, kuma a lokaci guda yana ɗauke da ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda za ta kwantar da yaro cikin dare ɗaya. Ko a babin tsarkin ma, mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya tsananta: a wurinsa ruwa kaɗan yana najastuwa da najasa kaɗan ko da ba ta canza shi ba, duk da cewa abin da ya shahara a mazhaba shi ne karhanci. To, wanda ya yi wannan taka-tsantsan don alwala, me kake tsammani zai ce game da abin da za a ɗura wa jariri?

Amma hukuncin da ya fi shafar maganarmu yana babin haƙƙin maƙwabtaka. A cikin Mudawwana, a babin da ya yi magana kan hurumin rijiyoyi, an tambayi Ibnul Ƙasim game da mutumin da ya haƙa masai a cikin gidansa har ya cutar da rijiyar maƙwabcinsa, ya amsa cewa a mazhabar Imamu Malik ana hana shi. Ku lura, jama'a: a cikin gidansa ya haƙa, a filin da ya mallaka, amma mallakar ba ta ba shi ikon cutar da wani ba. Asalin wannan kuwa shi ne hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa wanda ya haramta cuta da cutarwa. A ƙarni na 8 na Hijira wani magini a birnin Tunis, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda, har da na magudanan ƙazanta da ramukan da ke lalata bangon maƙwabci. Ashe duba salanga ba baƙon abu ba ne da Nasara ya kawo mana. Mu ne muka manta.

Manzon Allah (S.A.W.) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) gargaɗi a kan wurare uku da bahaya a cikinsu ke jawo tsinuwa: mashayar ruwa, tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Babu wani daga cikinmu da zai tsuguna a bakin rijiya da rana tsaka, kunya kaɗai ta isa ta hana shi. Amma wanda ya haƙa rami mai zurfi kusa da rijiya, iyalinsa suna zuba masa ƙazanta safe da yamma shekara da shekaru, ƙasa tana tsotsewa tana miƙawa, ina bambancinsa da wancan, in ban da cewa shi nasa a ɓoye yake?

Wannan magana ta fi nauyi a kanmu mu mutanen Matameye da kewayenta fiye da mutanen wasu wurare. Allah Ya yi mana ni'imar Korama. Albarkarta ce ta sa ake noman rake da kayan lambu a fadamunmu, har rakenmu ya yi suna a kasuwannin ƙasa, domin ruwa yana kusa, mai lambu ba ya shan wahalar haƙa. To, wannan kusancin shi ne kuma jarrabawar. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Masana harkar ruwa suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin salanga da rijiya, gindin ramin kuma ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, a kuma haƙa shi ta gangare, ba ta wajen da ruwa ke kwararowa zuwa rijiya ba. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, ramin da ya bushe da rani sai ya wayi gari ƙafarsa cikin ruwa. Ba mu manta daminar 2024 ba, wadda a farkon watan Satumba ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ruwan da ya kayar da ginin da ya haura shekara ɗari yana tsaye, ramin da aka rufe da itace da taɓo ne zai gagare shi?

Wani zai ce shi ruwan famfo yake sha, ba ruwansa da rijiya. Ya ɗan'uwa, ranar da famfo ya ɗauke, ka san inda ɗan garuwa ya ɗebo maka? Bututun da ya tsage a ƙarƙashin lungu kuma, idan ba ruwa a cikinsa, yana iya zuƙo abin da ke kewaye da shi, ya kawo maka har cikin randa.

Akwai wani labari daga birnin Landan na ƙasar Ingila da ya dace mu yi tunani a kansa. A shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa, ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita mai suna Jon Sino ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya gano rijiya ɗaya ce, ya sa hukuma ta cire hannun famfon da ke kanta. Da aka tona daga baya, sai ga ramin ƙazanta bai kai mita ɗaya da rijiyar ba, an kuwa zuba masa ruwan wankin tsummokaran wata jaririya mara lafiya. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne, mutane suna yabon ruwan wannan rijiya saboda daɗinsa, har wata tsohuwa da ke zaune nesa takan sa a ɗebo mata shi, kuma shi ya yi ajalinta. Ga launi, ga ɗanɗano, ga ƙamshi, duka lafiya lau. Mu ma ba sai mun je Landan ba. A 2018 wannan cuta ta kama dubban mutane a jahar Maradi, ta fi tsanani a yankin Madarunfa. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasarmu, ta kashe fiye da 150, jahohin Maradi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ajali na Allah ne, ba mu musu. Amma wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya umurce mu da riƙon sababi, kuma zai tambayi wanda ya yi sakaci.

Saura maganar shiga gida. A ranar 2 ga Maris 1993 hukumar Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, wadda ta ba ma'aikatan tsabta damar duba gidaje. A Musulunci wannan aiki sunansa hisba, kuma Almawardi ya keɓe masa babi a littafinsa na hukunce-hukuncen sarauta. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, bai tsaya ga abin da ke sama ba, ya cusa hannunsa mai albarka ciki, ya ji danshi, ya tsawata wa mai shi. Saboda haka, idan ma'aikaci ya zo da izinin hukuma don duba abin da cutarsa ke ƙetare katanga, buɗe masa ƙofa wajibi ne, ɓoye masa aibi kuwa algus ne ga unguwa baki ɗaya.

Shi ma dubagari akwai sharuɗɗa a kansa, kuma ba zan sassauta masa ba don yana sanye da kayan sarki. Suratun Nur ta wajabta neman izini da sallama kafin shiga gidan wani, aikin gwamnati bai ɗauke masa wannan ba. Ya tsaya a zaure har a kimtsa, ya shiga tare da maigida ko wakilinsa, ya dubi abin da ya kawo shi, ya kawar da kai daga sauran, domin Suratul Hujurat ta haramta bin diddigin asirin mutane. Da hukuma za ta yawaita mata a wannan aiki, da rabin gardamar ta mutu. Abin da ya gani a gidan wani kada ya zama hirarsa a majalisar shayi. Mafi girma kuma, ya ji tsoron Allah game da cin hanci. Tsofaffi sun ba mu labarin dubagarin da, wanda ke leƙa randa ya ce ya ga tsutsa, sai an danƙa masa abu tsutsar ta ɓace. Wannan ne ya ɓata sunan aikin har yau. Wanda ya karɓi jika ɗaya ya rufe ido a kan ramin da ke yoyo, da wanda ya miƙa masa, hadisi ya haɗa su cikin tsinuwa, kuma duk yaron da ya sha wannan ruwa yana da haƙƙi a wuyansu su biyun. Haka nan wanda yake cin tarar talaka ya tsallake gidan mai hali, alhali babban gida ya fi zubar da ruwan ƙazanta.

Na san akwai wanda zai ce: "Malam, gidana duka bai kai mita 30 ba, kuma abin da zan ci yau ma ban same shi ba." Uzurinka karɓaɓɓe ne a kan abin da ya fi ƙarfinka, ban da abin da kake iyawa. Kana iya rufe bakin salanga da murfi, ka ɗaga bakinta don kada ruwan sama ya shiga. Kana iya hana a kwashe ramin da ya cika a zubar a lungu cikin dare, ana jiran ruwan sama ya tafi da shi gidan wani. Kana iya tafasa ruwan sha, ko ka sa masa ƙwayar Aquatabs yadda likita ya nuna, ka wanke hannu da sabulu ko toka bayan kewayawa. Idan fili ya ƙi, maƙwabta su zauna da mai unguwa a duba wanne za a matsar, ramin ko rijiyar. Masu hali kuma su sani, buhun siminti da aka ba gwauruwa ta gyara salangarta sadaka ce mai gudana, ko da ba a rubuta sunan kowa a jikin bango ba. Mun iya gasar sayen lasifika da darduma, amma da wuya ka ji wanda ya tashi a masallaci ya ce shi ya ɗauki nauyin makewayi.

Mu dai a namu masallacin mun cike wancan rami, mun haƙa wani a ƙarshen fili ta gangare, rijiyar kuma mun yi mata baki da murfi da guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. Ina roƙon ƴan'uwana limamai da ladanai na cikin gari da na ƙauyuka, daga Kance har Ɗan Barto, kowa ya ɗauki igiya ya auna nasa kafin ruwan farko ya sauka, wanda ya ga matsala kuma ya je da ƙafarsa ya kira ma'aikacin tsabta, kada ya jira a zo masa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.