Ladan Ɗan Ƙwadago da Amanar Gona

 Akwai tambayar da ta daɗe tana damun duk wanda ya taɓa ɗaukar wani aiki, watau me ke sa ma'aikaci ya kyautata aikinsa a lokacin da idon mai aikin ba ya kansa?

Tambayar tana da nauyi ƙwarai a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, da maƙwabtansu na Madobi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo manyan hanyoyi zuwa filayen Kadawa da kewaye, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Manomin da a dā yake hutawa da rani ya koma noman alkama da tumatir da albasa, da damina kuma ga shinkafa. Aiki ya fi ƙarfin mutanen gida, gayya ta ja baya, sai aka dogara ga 'yan ƙwadago, waɗansu ma daga nesa suke zuwa cin rani.

Hanyar biyansu iri biyu ce, kowace da aibinta. In an yi jinga, a ce dashen wannan fili kuɗi kaza, aiki zai yi sauri, amma wani zai buɗa tazarar dashe don ya gama da wuri, mai gona ba zai gane ba sai ranar auna buhu. In kuwa kuɗin yini ne, sai a riƙa jan ƙafa ana duban rana. Haka mai tsinkar tumatir da ake biya da kwando: ya fi kula da cikar kwandon bisa ga reshen da ya karya.

Turawa sun yi dogon nazari a kan wannan. A 1911 wani injiniya na Amurka, Frederick Taylor, ya fitar da littafi inda ya nuna cewa a auna kowane motsi na ma'aikaci da agogo, a kuma ɗaura ladansa a kan yawan abin da ya yi. Ya ba da labarin wani lebura mai loda ƙarfe wanda, a cewarsa, ya tashi daga tan 12 da rabi a yini zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Mai karatu ya lura: aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada bai ko ninka biyu ba. A 1959 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg, bayan ya tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200, ya ce ƙarancin albashi yana jawo gunaguni, amma cika shi gunagunin kawai yake kashewa. Abin da ke sa mutum ƙwazo shi ne a san darajar aikinsa, a ba shi alhaki, ya ga amfanin abin da ya yi.

Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya. Sai dai dukansu ta fuskar mai aiki suka dubi al'amarin, watau yaya za a samu aiki mai yawa. Malaman fiƙihu kuwa da haƙƙi suka fara. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, an bambanta ijara da ju'ala. A ijara wajibi ne a ambaci lada a kuma yanke lokaci tun kafin a soma. A ju'ala ba a yanke lokaci, kuma ba a biya sai aiki ya kammala. Manufar ita ce kada wani ya shiga aiki cikin duhu. Saboda haka mai gonar da ke cewa "ku dai fara, ba za mu ɓata ba" ya buɗe ƙofar rigima da hannunsa.

A cikin Suratul Ƙasas, ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki saboda halaye biyu, ƙarfi da amana. Ƙarfi ana ganinsa, ana iya yi masa farashi. Amana kuwa ba a auna ta da mudu. Abin lura shi ne yadda dattijon ya yi: ya fayyace wa'adi, shekara takwas, in an cika goma to kyautatawa ce daga Musa, ya kuma yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Ya nemi amana bayan shi ma ya shimfiɗa tasa.

A nan ne waɗansu masu gona suke kuskure. Sai a jinkirta kuɗin lebura har a sayar da kaya a kasuwar Kwanar Gafan, in ya yi magana a ce ya yi haƙuri, ladansa yana wurin Allah. Wannan maganar gaskiya ce aka sa ta a wurin da ba nata ba. Ladan Lahira tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, ba ya sauke bashin da ke kan mai gona. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Bukhari kuma ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ga shi dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta ware masu aikin jinga da masu aikin gona na lokaci-lokaci. Ashe ɗan ƙwadagon da ke cikin taɓo ba shi da wata garkuwa sai tsoron Allahn wanda ya ɗauke shi.

Hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo ya kamata ya tsaya a ran manomin shinkafa. Ɗayansu ya yi tawassuli da cewa ya taɓa ɗaukar ma'aikaci a kan wani ma'auni na shinkafa, ma'aikacin ya tafi bai karɓa ba. Sai ya yi ta shuka ta har ya sayi shanu da ita, ranar da mai haƙƙi ya dawo ya miƙa masa duka. Da wannan aka ɗauke musu dutse.

Wani zai ce, ai akwai leburan da ko an biya shi tun da safe sai ya yi ha'inci. Haka ne, kuma laifinsa yana kansa. Wanda ya yarda da lada ya karɓi aiki, ƙarancin ladan bai halatta masa buɗa dashe ko barin ruwa ya kwana a kan alkama ba. In bai gamsu ba, ya faɗa tun farko ko ya bar aikin. Haka ma'aikacin da aka danƙa wa ƙofar ruwa: jinkirin albashi bai ba shi ikon karɓar na goro ya hana na ƙarshen layi rabonsu ba. Amma samun maha'inci ɗaya bai zama hujjar matse goma masu gaskiya ba.

Abin da ya fito fili shi ne kuɗi ba ya sayen amana, amma hana kuɗi yana kashe ta. Don haka mai gona ya fara da faɗin lada a sarari, ya biya a kan lokaci, ya kai abinci da ruwan sha gona, ya kira mutum da sunansa, ya ba shi damar yin salla, ya ƙara wa wanda ya kyautata. Wanda ya yi haka zai tarar shekara mai zuwa waɗannan mutanen ne za su fara sallama a ƙofarsa, don alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya sa a cika alkawari, Ya sanya albarka a cikin gumin kowa, amin.