Takardar Baiko

Alhaji Garba tela ne a Fagge. Ya haura shekara talatin yana ɗinkin manyan riguna da kaftani, kuma da wuya ka sami mai shagon shadda a Kantin Kwari da bai san hannunsa ba. Ta nan Bilal ya same shi. Bilal baƙar fata ne ɗan Amurka, haifaffen Filadelfiya, birnin da yake da Musulmi baƙaƙen fata masu yawa, kuma a gidan Musulunci ya tashi. Yana da ɗan shago inda yake sayar da jallabiya da huluna da turare. A 2015 ya zo Kano saro kaya, wani dillali ya kai shi shagon Alhaji. Alhaji ba ya jin Turanci, Larabcin Bilal kuwa na littafi ne, sai aka kira Nafisa, 'yar farin Alhaji, wadda take koyarwa a wata firamare, ta riƙa yi musu tafinta da rubuta lissafi.

Zuwan da Bilal ya yi a shekarar da ta biyo baya ba na kaya kaɗai ba ne. Ya sami limamin unguwa ya shige masa gaba wajen neman auren Nafisa. Alhaji bai yi garaje ba. Ya sa wani ɗan Kano da yake tuƙin tasi a Filadelfiya ya je masallacin su Bilal ya tambayi halinsa, ya ga mahaifiyarsa, ya ga shagon da idonsa. Da labari ya dawo da kyau, aka kawo kuɗin gaisuwa, aka yi baiko, aka raba goro da alewa.

Da Bilal ya koma gida, abokansa suka ce masa hanya mafi sauri ita ce bizar da ake kira K-1, wadda Amurka take bai wa wanda ɗan ƙasarta zai aura. Ya cika fom mai lamba I-129F, ya haɗa da hotunan baiko da tambarin shigarsa Najeriya a fasfo, domin doka ta ce sai an nuna cewa su biyun sun haɗu ido da ido cikin shekara biyu kafin a shigar da takarda. Ya aika wa hukumar shige da fice ta ƙasarsu. Zuciyarsa fari ƙal, bai ga abin da zai tsaya yi wa surukinsa dogon bayani a kai ba. A ganinsa takarda ce kawai.

Bayan wasu watanni amsa ta fito, aka tura fayil ɗin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da yake Legas. Ranar nan bayan sallar isha Nafisa ta zauna a gaban mahaifinta tana karanta masa sharuɗɗan tana fassarawa. Ta zo inda aka ce mai wannan biza za ta shiga ƙasar ne ba ta da aure, kuma dole a ɗaura auren a can cikin kwana 90, in ba haka ba ta tattara ta fita.

Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Sake karanta wurin nan, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta sake karantawa.

"Wato in ɗauki 'yata budurwa in sa ta a jirgi, ta je ta sauka a hannun namijin da ba a ɗaura musu aure ba, har wata uku? A gidan wa za ta kwana? Wa zai yi mata walicci? Wallahi ba a gidana ba. A ɗaura aure a nan, a gaban Baffanki, sannan ta tafi ko'ina ne."

Duk uban da ya san ciwon 'yarsa abin da zai faɗa ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai inda gizo yake saƙar shi ne, ranar da aka shafa fatiha a Kano, Nafisa ta tashi daga wadda za a aura ta koma matar aure. Auren Musulunci aure ne a dokar Najeriya, Amurka kuma tana duba dokar wurin da aka ɗaura aure ne. Bizar baiko ba ta matar aure ba ce. Da an ɗaura, takardar da aka yi watanni ana jira ta mutu.

Kawu Tanko, ƙanin mahaifiyar Nafisa, mutum ne mai son a gama abu yau-yau. Kashegari ya zo da wani ejan mai harkar biza, da jaka cike da fayil-fayil da wayoyi biyu a hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ba matsala ba ce," in ji ejan. "Mun yi wa mutane da yawa. A tara mutum biyar a zaure da daddare, a ɗaura. Ba kati, ba maroƙi, ba hoto, kada kowa ya sa a Facebook. A ja wa shaidu kunne. In ta je Legas aka tambaye ta, ta ce baiko ne kawai. Kai ka fita haƙƙin addini, su kuma sun sami abin da suke son ji. In ta isa can sai su je ofishin gwamnati su sake sa hannu. Wa zai sani?"

Maganar ta shiga Alhaji, don kamar ta warware masa komai. Kawu Tanko ya ƙara da cewa in aka bi ɗaya hanyar, wato neman bizar matar aure, sai an soma daga farko, kuɗin da Bilal ya kashe ya tafi a banza, ga kuma jira na shekara ko fiye. "Yaya, yarinyar nan ba ƙarama ba ce. Sa'anninta duk suna da 'ya'ya biyu-biyu."

Nafisa tana bayan labule tana jin su. Ba ta saba tsoma baki a maganar manya ba, don haka ta bari sai da baƙi suka tafi, ta shiga ta durƙusa.

"Baba, ina da magana, in ka yarda."

"Ina jin ki."

"Ranar da zan je Legas, kafin su tambaye ni komai sai na ɗaga hannu na yi rantsuwa cewa gaskiya zan faɗa. Sannan su ce, kina da aure? In an ɗaura, Bilal mijina ne, sadakinsa yana hannuna. Ka ce in dubi mutum in ce ba ni da miji? Baba, kai ka koya mini cewa ko a awon yadi ba a ƙara ɗan yatsa. Ba na so maganar farko da zan yi a kan aurena ta zama musun mijina."

Alhaji bai amsa ba. Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda alkunyar ɗan fari, ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, ka saurari yarinyar nan."

Da asuba Alhaji ya tsaya bayan an watse ya kwashe komai ya faɗa wa liman. Liman ya girgiza kai.

"Alhaji, ko ta fuskar da kake ganin ka tsira ma ba ka tsira ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan auren da aka ce wa shaidu su ɓoye shi. Auren sirri suke kiransa, kuma hukuncinsa a raba. Aure shela ake yi masa. Kai da kanka ka san dalilin da ya sa muke ɗaurawa a ƙofar gida da rana tsaka, maroƙi yana faɗa da ƙarfi. Ba ni ne zan ɗaura wannan ba."

A can ma, da labarin ya iso masa, Bilal ya je wurin wata lauya mai harkar shige da fice, abin da ya kamata ya yi tun farko. Ta gaya masa cewa wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don ya sami biza, dokar Amurka tana haramta masa shiga ƙasar har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman, wadda samunta ba sauƙi. Kuma ƙaryar ba ta ƙarewa a Legas. Tana zaune a fayil, ana iya tono ta ranar neman katin zama, ana iya tono ta ranar neman zama ɗan ƙasa, bayan an yi gida an haifi 'ya'ya. Sannan ta tambaye shi wani abu da bai taɓa kawowa a ransa ba: in za a ɗaura a Kano, shi zai halarta? Ya ce ai an gaya masa wakili ya wadatar. Ta ce a wurinsu bai wadatar ba. Auren da aka ɗaura ango ko amarya ba ya wurin, hukumar ba ta lissafa shi sai in ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin.

Daren nan ya kira, Nafisa tana tafinta. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na nemi 'yarka, amma na zaɓi hanyar da za ta zo ba tare da na tambaye ka ba. Zan janye takardar. Zan zo da kaina."

A watan Fabrairun 2017 aka ɗaura auren Nafisa da Bilal a ƙofar gidan Alhaji Garba bayan sallar Juma'a. Baffanta ya yi walicci, liman ya karɓar wa ango, ango kuma yana zaune a sahun gaba cikin babbar rigar da surukinsa ya yi wa aiki da hannunsa. Maroƙi ya faɗi sadaki kowa ya ji. Aka karɓo takardar shaidar aure daga kotun shari'a. Suka tare a wani ɗan gida da aka kama a kusa, ya yi sati biyar, ya koma ya shigar da sabon fom, I-130, wanda ɗan ƙasa yake nema wa matarsa.

Daga nan jira ya fara, kuma kada wani ya ce maka abu ne mai sauƙi. Fayil ya yi watanni a hukumar shige da fice, ya wuce cibiyar biza ta ƙasa da take Potsmot a jihar New Hampshire, can ma aka shiga neman takardu ɗaya bayan ɗaya. Bilal ya cika I-864, alkawarin ɗaukar nauyi, wanda sai ya nuna da takardun harajinsa cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu. Nafisa ta bi layin fasfo, ta nemo shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, ta nemo takardar 'yan sanda mai nuna ba ta da laifi. An taɓa dawo musu da takarda saboda an rubuta sunan mahaifinta iri biyu, Garba a nan, Abubakar a can, sai da aka yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne. Wannan kaɗai ya ci wata biyu.

Abin da ya fi takardu ciwo shi ne bakin mutane. A gidan biki a ce mata matar waya. Wata ta ce ai Bature ko baƙi ne Bature ne, ya ɗanɗana ya gudu. Kawu Tanko bai daina cewa da an bi shawararsa da yanzu ta shekara a can ba, kuma ta yiwu da hakan ta faru, domin ba kowace ƙarya ake kamawa a ranar ba. Ga bambancin lokaci, in ya rufe shago ya kira, a Kano dare ya raba. Ta yi laulayi ba ya nan, ta haihu ba ya nan. Akwai daren da ta kashe wayar ta yi kuka har asuba, tana tambayar kanta ko taurin kai ne ya kai ta. Mahaifiyarta ta shigo ta ɗauki jaririn ta goya, ba ta ce mata komai ba sai, "Tashi ki yi alwala."

Bilal ya iso kwana biyu kafin suna. Aka sa wa yaro Abubakar. Da yake uban haifaffen Amurka ne kuma a can ya yi rayuwarsa, suka kai yaron ofishin jakadanci da takardar aurensu, aka yi masa rajistar ɗan ƙasa da aka haifa a waje. Ɗan ya riga uwarsa samun fasfon tafiya. Jami'in da ya karɓi takardun ya dubi ranar aure, ya dubi ranar haihuwa, ya buga hatimi. Ba a ɓoye komai ba, don haka babu abin da ya ci karo da wani.

A ƙarshen 2018 aka kira ta Legas. Ta yi gwajin lafiya a asibitin da ofishin ya amince da shi, aka yi mata alluran rigakafi. Ranar ganawa ta isa Victoria Island tun duhun asuba, da goyo a baya da fayil a hannu. Aka ɗauki hoton yatsunta, ta ɗaga hannun dama ta yi rantsuwa. Matar da take bayan gilashi ta tambaye ta inda suka haɗu, sunan mahaifiyar Bilal, abin da yake sayarwa, wa ya halarci ɗaurin auren. Sannan ta ce ta ga an taɓa nema mata bizar baiko aka janye, me ya sa?

"Mahaifina ya ce ba zan bar gidansa ba sai da aure," in ji Nafisa. "Da aka ɗaura kuma na zama matar aure, waccan ba tawa ba ce."

Matar ta ɗan yi rubutu, ta riƙe fasfon, ta miƙo mata takardar da take bayanin inda za ta karɓe shi.

Ta sauka a Filadelfiya a watan Janairu, cikin sanyin da bai yi kama da hunturun Kano ba ko kaɗan, riƙe da ambulan ɗin da aka ce kada ta buɗe sai jami'in filin jirgi. Da yake aurensu bai cika shekara biyu ba a ranar da ta shiga, katin zaman da aka ba ta na wucin gadi ne, na shekara biyu, kuma sai sun sake shigar da takarda tare a cikin kwana 90 na ƙarshensa kafin a ba ta na shekara goma. Amma ta shiga da izinin aiki tun ranar farko, kuma kafin azumi ta fara koyar da yara a makarantar masallacinsu.

Wata Lahadi Kawu Tanko ya kira ta. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce 'yar maƙwabcinsa ce wani ɗan Ingila yake nema, ejan ɗin nan kuma ya ce a rage mata shekaru a takarda, a kuma ɓoye cewa ta taɓa aure.

"Kawu, dokar Ingila daban ce da ta nan, ban san ta ba," in ji Nafisa. "Amma ku bar shekarunta yadda suke, ku nemo takardar sakin daga kotu, shi kuma mijin ya je wurin lauya kafin ya cika komai. Ba ta lambata. Ta kira ni bayan la'asar ɗinku, lokacin na tashi daga aji."