Kifaffen Kwano: Alhakin Ran Ɗan Kaso a Wuyan Wa Yake?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Bande ta nufi Magarya, ba zai rasa ganin wata mace a bakin titi ba, da kwano ɗaure cikin ƙyalle, tana jiran mota. In an tambaye ta ina za ta, sai ta ce dubiya za ta, ko da kuwa gidan kaso ta nufa, domin kunya ba ta barin a ambaci wurin. Abin da ke cikin kwanon bai wuce tuwo ko fura ba, amma yana shaida wa ɗaurarre cewa har yanzu ana lissafa shi cikin mutane. To, in haka kwano yake a wurin ɗan kaso, me zai sa wani ya kife nasa da hannunsa, ya ce ba zai ƙara ci ba sai an saurare shi? In kuwa ya mutu a haka, alhakin ransa a wuyan wa yake?

Ba safai ake jin irin wannan yajin cin abinci a ƙasar Hausa ba, don haka sai a leƙa inda ya zama tarihi, wato wajen Kurdawa, al'ummar da iyakoki suka raba tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya. Bayan juyin mulkin soja na ranar 12 ga Satumba 1980 a Turkiyya, an cika gidan kason soja na birnin Diyarbakir da Kurdawa, ana gana musu azaba. Har an hana su magana da harshensu a ranar ziyara, ta yadda uwar da ba ta jin Turkanci sai dai ta zuba wa ɗanta ido har lokaci ya cika. Ranar 14 ga Yuli 1982 wani ɗaurarre, Mehmet Hayri Durmush, ya shaida wa kotu cewa ya daina cin abinci. Wasu suka bi shi, a watan Satumba kuma huɗu suka mutu, har da shi.

Abin bai tsaya nan ba. A 2012 ɗaruruwan fursunoni Kurdawa suka yi kwana 68 suna yaji, cikin buƙatunsu har da koyar da yara da Kurdanci da bai wa wanda ake tuhuma damar kare kansa da harshensa. A Janairun 2013 majalisar Turkiyya ta yi dokar da ta buɗe wannan ƙofa a kotu. A Nuwamban 2018 ƴar majalisa Leyla Guven ta fara nata yajin daga cikin kaso, don nuna ƙin yadda aka killace Abdullah Ocalan a tsibirin Imrali, inda lauyoyinsa ba su gan shi ba tun 2011. Dubban fursunoni suka mara mata baya. A watan Mayu 2019 aka bar lauyoyin suka shiga, ita kuma ta janye bayan kwana 200.

Malami zai ce, kuma da hujjarsa, rai ba mallakar mutum ba ne, ajiya ce, ba shi da ikon halaka ta. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya nemi mutuwa da wanda ya gindaya sharaɗi ya ce ranar da aka cika shi zai ci. Na biyun rayuwa yake nema, amma rayuwar da ba wulaƙanci a cikinta, shi ya sa fursunonin 2012 suka koma ga abincinsu. Duk da haka, kyakkyawar niyya ba ta hana jiki lalacewa, kuma a yajin 2019 akwai fursunonin da suka kashe kansu. Akwai kuma haɗarin ƙungiya ta ingiza matashi ya yi abin da shugabanninta ba za su yi ba. Saboda haka mai hankali ba zai shawarci kowa da wannan hanya ba. Amma kafin a yanke wa mai yaji hukunci, ya kamata a tambaya wane ne ya toshe sauran hanyoyin da zai bi ya kai kuka.

Wani kuma zai ce ai da yawansu ƴan ƙungiyar PKK ne, wadda ta ɗauki makami a 1984, aka yi yaƙin da ya ci dubban rayuka kafin ta bayyana rusa kanta a watan Mayu 2025. Wannan gaskiya ne, kuma waɗanda suka rasa nasu suna da haƙƙin a yi musu shari'a. Amma abin da alƙali ke yankewa shi ne a tsare mutum shekara kaza. Babu hukuncin da ya ce a hana shi iska, ko magani, ko muryar mahaifiyarsa. Daga ranar da aka murza makulli, cinsa da shansa da numfashinsa sun koma hannun wanda ya kulle shi, sun zama amana. Suratul Insan ta jera ɗaurarre tare da miskini da maraya cikin waɗanda ake ciyarwa, ba ta kuwa gindaya sharaɗin sai marar laifi ba. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka raɗa wa sunan Nelson Mandela, su ma a nan suka tsaya, har suka hana a keɓe ɗaurarre shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Nijar ta san kuɗin cin wannan amana. A 1999 fursunoni 29 suka mutu a gidan kason Yamai, bayan an cusa su a ɗaki ɗaya ƙuntatacce marar isasshiyar iska. Ba su kife kwano ba, ba su nemi mutuwa ba, kuma babu alƙalin da ya yanke musu ita. Tarihin siyasar ƙasar ma ya isa wa'azi, domin duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. A zamanin Diori Hamani ƴan Sawaba suka cika gidajen kaso. Da soja suka hamɓarar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, shi ma aka tsare shi a Damagaram. Djibo Bakary, jagoran Sawaba, ya dawo daga gudun hijira, aka ɗaure shi a 1975. Tandja Mamadou ya kwana a kason Kollo a 2011, Hama Amadou ya yi takarar shugaban ƙasa daga kason Filinge a 2016, aka kuma tsare Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Duk mai riƙe da makulli yau, ya kyautu ya tuna cewa ƙa'idar da ya shimfiɗa, watakila a kanta zai kwana gobe.

Manya dai suna da lauyoyi, gidajen rediyo na duniya kuma sun san sunayensu. Wanda ya fi cancantar a tuna shi ne manomin Bande ko na Dungas da rikicin gona ya kai kaso, aka rubuta bayaninsa da Faransancin da bai iya karantawa ba, ya dangwala yatsa, ya zauna jiran ranar shari'a. Damuwarsa ƴar'uwar ta Kurdawan 2012 ce: ya ji abin da ake faɗa a kansa, a kuma ji nasa. A watan Maris 2025 kundin da hukumomin Nijar suka zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a san nauyin wannan magana ranar da ta isa teburin jandarma da zauren kotu.

Nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suke da aiki. Su ne suka iya harsunan biyu, su za su iya fassara wa iyali takardar kotu, su daidaita kalmomin shari'a da Hausa, su nemi izinin ziyara, su koya wa yara cewa hukunta mai laifi daban, wulaƙanta shi daban. Ɗaurarren da ke da mai jin kukansa ba ya kaiwa ga kife kwano. Matar da ke jiran mota a bakin titin Bande tana sauke nata nauyin kowane mako, saura na masu makulli da na masu ilimi.